Wutar Mambilla: ruwa na nan, tsauni na nan, me ya hana aikin?

Ɗan Gembu:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina son masana cikinmu su warware min wani abu da ya daɗe yana cin raina. Tun muna yara ake ce mana za a yi dam a tudun Mambilla na jihar Taraba wanda zai ba Najeriya wuta megawat 3,050, iyayenmu ma sun ce tun suna samari suke jin zancen, yau ga mu da namu 'ya'yan kuma har yanzu a Gembu janareta ne da sola, wanda ba shi da hali kuma tocila. Shin tsaunin ne ya gagara ko kuɗin ne babu ko kuwa dai ba a so a yi ne? Don ni kam na fara tunanin a ƙyale babban nan a yi mana ƙanana mu samu ko na cajin waya da injin niƙa.

Injiniya Kaduna:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da dalilin da ya sa ake nacewa kan wajenku, don mutane da yawa suna ɗauka yawan ruwa ne kawai ke ba da wuta. Abu biyu ne, yawan ruwan da kuma tsayin da zai faɗo. Ruwa lita 1,000, wato durom biyar kenan, in yana faɗowa duk sakan ɗaya daga tsayin mita 100, zai ba ka kusan megawat ɗaya kafin a cire abin da ke lalacewa a bututu da inji. In tsayin mita 10 ne kawai sai ka nemi ruwa ninki goma kafin ka samu wannan wutar. Toh Mambilla tudun yana kai wajen mita 1,600 daga doron teku, kuma daga bakin tudun zuwa ƙasa gangara ce ta ɗaruruwan mitoci, kaga kogin Donga duk da bai kama ƙafar Kwara ba a girma, faɗowar da zai yi ita ce dukiyar. Shi ya sa Kainji da duk faɗin tafkin nan megawat 760 aka gina ta, Jebba 578, Shiroro 600, Zungeru 700, ka haɗa su duka huɗu ba su kai abin da aka tsara wa Mambilla ita kaɗai ba.

Maman Hanifa Jalingo:
Injiniya Allah ya ƙara basira, yau na fahimci abin. Amma toh in haka ne ai kamata ya yi a ce ita aka fara yi tun kafin Zungeru. Ni ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa, wlh rabin ribata a mai take tafiya.

Injiniya Kaduna:
Maman Hanifa, tsayin da ya ba ta daraja shi ne kuma ya sa ta tsada. Tsarin da aka amince da shi a 2017 ba dam ɗaya ba ne, huɗu ne, Nya da Sumsum da Nghu da Api, sannan a huda cikin dutse a yi ramuka masu tsawo da ruwan zai bi, ɗakin injinan ma a ƙarƙashin ƙasa zai kasance, sannan layin wuta na wajen kilomita 700 don a kai ta inda ake buƙata. Kuɗin da majalisar zartarwa ta amince da shi kusan dala biliyan 5.8 ne, bankin Exim na China zai ba da bashin kashi 85, Najeriya ta kawo 15. Zungeru kuwa wajen dala biliyan 1.3 ta ci, ga ta kusa da Shiroro, ga titi ga layin wuta.

Direban Serti:
Ku bari in sa baki don ni hanyar nan ita ce gonata. Duk wanda yake maganar kai injin dam saman Mambilla ina so ya fara hawa daga Mayo Selbe zuwa Maisamari a cikin watan Agusta tukuna. Kwana ne a kan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami wanda in ka leƙa sai kanka ya juya, ga hazo yana rufe ka da rana tsaka sai ka kunna fitila kana tafiya a giya ɗaya, in babbar mota ta mutu a tsakiyar hawan shikenan kowa ya nemi wajen zama, yaran mota su yi ta sa duwatsu a bayan taya kar ta koma da baya. Buhun siminti kafin ya isa Gembu kuɗinsa ya tashi sosai a kan na Jalingo saboda wannan hawan kawai. Toh ina ga tiransifoma mai nauyin tan ɗari ko fiye? Sai an fara yin hanya wallahi, hanya ta gaske ba faci ba.

Baba Mai Ritaya:
Direba ka yi gaskiya, amma ɗana hanya ba ta taɓa hana gwamnatin da ta yi niyya ba. Na yi aikin wuta tun zamanin NEPA, manyanmu da suka ga ginin Kainji sun ba mu labari, daji ne wurin, aka yanka hanya aka kai kaya aka gama a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa fa. Abin da ya riƙe Mambilla takarda ce ba dutse ba. A 2003 aka ba wani kamfani mai suna Sunrise takardar kwangila lokacin Olu Agunloye yana ministan wuta, daga baya gwamnati ta ce ba da izininta aka bayar ba, da aka zo aka ba kamfanonin China a 2017 sai Sunrise ya kai ƙara kotun sasanci a Paris yana neman sama da dala biliyan 2. Wane banki ne zai zuba kuɗinsa a aikin da ake shari'a a kansa? Har Obasanjo da marigayi Buhari sai da suka je Paris ba da shaida a Janairun 2025. Shekaru sama da ashirin kenan ana jan magana ɗaya.

Ɗan Gembu:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya fi min ciwo shi ne a 2020 da BBC Hausa suka zo suka nuna wa duniya babu komai a wurin, wasu a ƙasa suka yi ta mamaki, su a zatonsu aiki ya yi nisa. Mu kuwa da muke nan mun san ko ƙwarya ɗaya ta siminti ba a zuba ba.

Maman Hanifa Jalingo:
Kuma ba an ce an rage girmanta ba?

Injiniya Kaduna:
Eh, a 2021 lokacin Saleh Mamman yana minista aka sanar da za a rage ta zuwa wajen rabi, megawat 1,500 da 'yan kai, don kuɗin ya sauka a samu mai ba da bashi. A gaskiya ni ban ga laifin ragewar ba, saboda ruwan kogi ba ɗaya yake ba duk shekara, in ka sa injinan da suka fi ƙarfin ruwan rani to rabinsu za su yi ta zaman banza daga Janairu zuwa Afrilu kana biyan bashinsu. Sannan ko an ba mu 3,050 ɗin yau layukanmu ba za su ɗauka ba, duk ƙasar nan abin da ake iya rabawa bai cika wuce megawat 5,000 ba, kuma kun ga abin da ya faru a Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke biyowa ta Makurdi shi ma ya samu matsala, Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako.

Jikan Arɗo:
Salam. Ina ta karantawa tun ɗazu, kowa na maganar megawat da dala, babu wanda ya tambayi ina ruwan zai kwanta. Dam ai kwari yake cinyewa, kuma a saman tudu kwarin nan shi ne rayuwa. Nan manomi yake samun masararsa, nan muke gangarawa da shanu in rani ya yi ciyawar tudu ta bushe. Kun san irin rikicin ƙasa da aka sha a Mambilla, na 2017 har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba, ta kowane ɓangare. Yanzu in ruwa ya cinye kwaruruka aka tura manoma sama inda shanu suke, ko aka tura mu inda gonaki suke, me kuke zaton zai biyo baya? Ni ba na adawa da wuta, 'ya'yana ma suna son karatu da dare, amma a fara zama da masu ƙasa, Mambilawa da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da kowa, a rubuta wa zai tashi, ina zai koma, nawa za a ba shi, kafin a kawo katafila.

Baba Mai Ritaya:
Wannan yaro ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kainji mutum sama da dubu 40 aka tayar, tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwa yanzu haka, aka gina musu New Bussa da ƙauyuka sababbi. An yi ƙoƙari a gine-ginen ba zan ƙi faɗa ba, amma akwai ƙauyukan da na shiga da ƙafata a bakin tafkin, waya mai ɗauke da wutar da ake kaiwa Legas tana wucewa ta saman kansu tana ƙara, su kuwa aci-balbal suke kunnawa. In ka ga dattijo yana nuna maka tsakiyar ruwa yana cewa can kabarin ubana yake, jikinka sai ya yi sanyi. Hukumar HYPPADEC da aka ce za ta kula da irin waɗannan garuruwa sai bayan shekaru hamsin da gina dam ɗin ta fara aiki. Kar a maimaita wa mutanen ƙaramar hukumar Sardauna, inda Mambilla take, wannan.

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Wanga zance naku kamar da mu kuke. Mu ma muna da namu, barajin Kandaji, wato dam, a jihar Tillaberi ta Nijar, megawat 130 ne kawai amma tun zamanin iyayenmu aka zancenai, kamfanin Gezhouba na China ɗin nan da ke cikin naku shi ne anka ba aikin, ga matsalar tsaro ga ta kuɗi ga dubban mutanen da za a tayar wajen Ayoru. Da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wuta, a watan Agustan 2023 mun gane kurenmu, Yamai ta sha duhu da zafi. Tun lokacin kowa ya gane wutar maƙwabci ba taka ba ce. Mu ba mu da tsauni irin naku, da muna da shi wallahi da mun ɗauke shi kamar zinariya.

Alhaji Mai Fata:
Ni fa duk wannan bayanin ban gamsu ba. Ina zuwa Habasha saro kaya, ƙasar nan duk tsaunuka ce, kuma ba su kai mu kuɗi ba. Sun aza harsashin dam ɗinsu na kogin Nilu a 2011, Masar ta yi ta kumfar baki, manyan bankunan duniya ba su ba su bashin ginin ba, sai suka koma kan jama'arsu, ma'aikaci ya ba da daga albashinsa, ɗan kasuwa ya sayi takardar lamuni, na waje ya turo. A Satumban 2025 suka buɗe shi, megawat sama da 5,000. Mu me ya hana mu? A buɗe asusu a ce kowane ɗan Arewa ya sa hannu, ni zan fara.

Maman Hanifa Jalingo:
Alhaji asusun a hannun wa? Nan fa ake ta kai tsofaffin ministocin wuta kotu kan kuɗin ayyukan nan. Ni kam ba zan cire daga kuɗin ƙanƙarata in ba wanda ban ga abin da ya yi da na baya ba. A fara nuna min aiki a ƙasa in gani da idona sannan a zo a karɓa.

Alhaji Mai Fata:
Hajiya ba ki yi ƙarya ba. Amma in kowa ya ce sai ya gani, wa zai fara?

Malamin Bukuru:
Ku ba ni dama in koma kan maganar da Ɗan Gembu ya fara da ita, ta ƙanana, don an bar ta a baya kuma ni a ganina nan amsar take. Mu nan Filato mun san wutar tsauni tun kafin a haifi Najeriya mai 'yanci. Turawan haƙar kuza ne suka fara, kamfanin NESCO tun 1929 yake, suka tare ruwa a Kurra da wasu wurare a gefen tudun, ƙananan tashoshi ne ba wani abin a zo a gani ba, amma shekara da shekaru garuruwan da ke kan layinsu sun fi masu NEPA samun wuta tsayayya, duk wanda ya zauna Bukuru ko Barikin Ladi a da zai gaya maka. Ba a tashi gari ba, ba a ci bashin biliyoyi ba, ba a je Paris ba. Kuma ai ko a Mambillan akwai ƙaramar tashar Tunga da ke ba masana'antar shayi ta Kakara wuta, Ɗan Gembu zai gyara min in ba haka ba.

Ɗan Gembu:
Haka ne Malam, tana nan, kuma ita ce ma ta sa nake wannan tunanin. In ƙaramin ruwa zai iya juya injinan shayi, me zai hana a yi irinta a Nguroje da Dorofi da Mayo Ndaga da sauran garuruwa? Ko'ina ka juya a nan rafi ne ke gangarowa.

Injiniya Kaduna:
Ina tare da ku amma kar mu haɗa abu biyu. Ƙananan za su haska Sardauna, ba za su tayar da masaƙun Kaduna da Kano ba, wannan sai babba. Kowanne da aikinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mutanen tudu su jira babbar kafin su ga wuta, alhali ko an gama ta wutar a manyan layuka za ta sauka ƙasa, sai an sake kashe wani kuɗin an yi ƙaramar tasha an rage mata ƙarfi kafin ta shiga gidan Ɗan Gembu, kuma irin wannan ƙarin aikin shi ake fara yankewa in kuɗi ya gaza. Nepal ma da ake ba da misali da ita, ƙauyukan kan dutse da ƙananan injina suka fara samun wuta tun kafin layin gwamnati ya iso su. Kuma dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi dama su yi nasu, yanzu ba sai an jira Abuja ba.

Baba Mai Ritaya:
Ku dai duba Dadin Kowa a Gombe. An gama dam tun shekarun 1980, ruwa na zuba a banza, injin megawat 40 sai bayan shekara talatin da wani abu aka sa. Kashimbila ma a Takum megawat 40 ce, asali don tare ambaliya aka yi ta saboda tsoron tafkin Nyos na Kamaru, amma ga shi an samu wuta a ciki. Irin waɗannan matsakaitan in an yi goma an fi ƙarfin alkawari ɗaya.

Jikan Arɗo:
Injiniya tambaya, ƙananan su ma suna cin ƙasa?

Injiniya Kaduna:
Kaɗan ƙwarai. Yawanci ba a tara tafki, ɗan shinge ake yi a karkato wani kaso na ruwan ya bi kwata a gefen tudu, ya shiga wani ɗan tanki inda yashi zai kwanta, daga nan ya faɗa bututu zuwa inji a ƙasa, ya fito ya koma rafinsa. Shanunka za su sha a sama su sha a ƙasa. Amma akwai abin da ya shafe ku kai tsaye, ku da manoma duka. Babban abokin gabar injin ruwa a kan dutse shi ne yashi da laka. In an cinye ciyawar gangare ƙasa ta tsiraita, ko an yi noma har bakin rafi, ko an ƙone daji, ruwan farko na damina zai kwaso jar ƙasa ya cika tankin, yashin kuma yana cin farfelar inji a hankali har ta lalace. Babbar ma haka ne, laka ce ke rage wa dam shekaru. Ga kuma zaftarewar ƙasa, a Indiya a Oktoban 2023 ambaliya daga wani tafkin kan dutse ta share dam ɗin Teesta na megawat 1,200 a dare ɗaya. Mu ba mu da ƙanƙarar tsauni irin tasu amma muna da ruwan sama mai ƙarfi da gangaren da aka sare wa itace.

Ɗan Gembu:
Wannan gaskiya ne, rafin bayan unguwarmu da damina ja wur yake zama. Kuma dattawa suna cewa tun da aka cika shuka itacen zaiti a bakin maɓuɓɓuga wasu rafukan suka fara ƙafewa da rani.

Jikan Arɗo:
Mu ma mun lura da wannan na zaitin. In dai za a zauna a ware bakin rafi a ce ba noma ba kiwo ba zaiti na wasu taku, kuma dokar ta hau kowa ba wani ɓangare kaɗai ba, ina ga manyanmu za su yarda, don mu ma ruwan ranin muke nema.

Maman Hanifa Jalingo:
Toh in an kafa wa zai riƙa gyarawa? Don unguwarmu an taɓa kawo mana famfon sola, wata shida ya lalace, har yau yana nan tsaye an rasa mai ɗauko mai gyara saboda kowa cewa yake na gwamnati ne.

Malamin Bukuru:
Hajiya wannan ita ce tambayar. Na Filato ya daɗe ne saboda akwai mai shi, ana sa mita ana biya, akwai ma'aikacin da aikinsa kenan ya share shara a bakin bututu kullum. Duk wutar da aka ce kyauta ce ba ta shekara biyu. Sai an samu masu injin niƙa da masu walda da masu firji sun zama su ne manyan kwastomomi da rana, gidaje da dare, kuɗin da aka tara a ajiye na gyara daban, a kuma tura yaran garin biyu ko uku su koyi aikin tun ana ginawa.

Ɗan Gembu:
Injiniya in muna so mu san ko rafinmu zai iya, me za mu fara yi kafin mu je wajen shugaban ƙaramar hukuma? Muna da ƙungiyar matasa, ba ma so mu je da baki kawai.

Injiniya Kaduna:
Ku auna ruwan a watan Maris lokacin da ya fi ƙanƙanta, ba da damina ba, don na rani shi ne abin dogaro. Ku sami wuri miƙaƙƙe, ku auna faɗi da zurfi a wurare uku ko huɗu, ku jefa gorar roba mai rabin ruwa ku ga sakan nawa za ta yi a mita 10, ku maimaita sau da yawa ku rubuta. Sannan ku bi rafin ku nemo inda ya fi faɗowa a gajeriyar tafiya, ko da wayar hannu mai nuna tsayi za ku samu kimantawa ta farko. Misali lita 100 a sakan da faɗowar mita 30 zai ba ku wajen kilowat 15 bayan an cire asara, ya isa injin niƙa da fitilun gidaje masu yawa da firjin allurar asibiti. Ku kuma rubuta nisan wurin da gari, don waya da turaku sukan ci kuɗi fiye da injin kansa, da sunan masu gonaki da masu kiwon da ke gefen. In kun haɗa ku turo min ta akwati in duba muku lissafin.

Jikan Arɗo:
In za ku fita awon ku sanar da ni. Akwai rafuka biyu ta wajen Mayo Ndaga da ba sa ƙafewa ko a tsakiyar rani, yaranmu sun san hanyar, za su kai ku.